Yadda Ɗantala Mai Hoto Ya Yanke Iyayen Ƙungiya

Ɗantala mai hoto taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da damar faɗar abin da na ga dama a kansa, kuma ba yau na fara ba. Shagona na ɗinki da shagonsa na hoto bango ɗaya ya raba su, a kan hanyar tasha a Gumel. Shekara talatin da ɗoriya muna zaune haka, ina jin tarinsa, yana jin ƙarar kekena.

A Kano ya koyi hoto. Ya dawo da kyamara rataye a wuya, kuma daga ranar wuyan bai sake hutawa ba, har gaisuwar mutuwa da ita yake zuwa. Da babur ɗinsa ya zagaye ƙasar nan kaf, daga Maigatari zuwa Gagarawa, daga Sule Tankarkar zuwa rugagen da ko taswira ba ta san da su ba. Suna, naɗin sarauta, yaye ɗalibai, buɗe rijiya, in ba a ga Ɗantala ba sai a ce taron bai cika ba.

Gwanintarsa a hoton taro take. Yakan ce danna kyamara ko jaki aka koya wa zai iya, zaunar da mutane shi ne aiki. Ya san dagacin da ba ya ga maciji da ƙanensa, sai ya dasa liman a tsakaninsu. Ya san attajirin da Allah bai ba tsawo ba, sai ya sa masa matashi a kujera ba tare da kowa ya lura ba. Babba a tsakiya, sauran a jera su dama da hagu, don kada wani ya ce an mai da shi baya. Abin da yake tinƙaho da shi, har mun haddace, shi ne tunda ya fara sana'a bai taɓa yanke hular wani ko gwiwar hannun wani a hoto ba.

Sai waya ta zo, kowa ya zama mai hoto, har matata. Kasuwar Ɗantala ta watse a hankali, ya koma noman riɗi, da shi yake ci da iyalinsa. Abu ɗaya ya rage masa, kalandar Ƙungiyar Haɗin Kan Masu Dabbobi. Kowace kaka iyayen ƙungiyar su goma sha biyu, uku-uku daga ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, sukan ci ado su zo su zauna gaban labulensa mai zanen bene da jirgin sama. A buga kalanda, a rataye ta a teburin kowane mai shayi, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta sunansa. Kalandar ba ta sayen buhun gero, amma ita ce ta sa har yanzu ake ce masa mai hoto, ba tsohon mai hoto ba. Ni da nake jin tarinsa na san in ta tafi, wani abu ya tafi da ita.

'Yarsa ta fari, Ummulkhair, sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Mamana yake kiranta. Ta yi karatun kwamfuta, ta dawo gida ta ƙirƙiri manhajar waya ta cigiyar dabbobi. In saniyarka ta ɓace, ka sa hotonta da shaidar da ke jikinta, wanda ya tsinta ya gani ya kira ka. Abu ne mai amfani, domin dabba ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba, balle ta ƙasa. Ƙungiya ta ji labari ta ce ita ce uwar abin, aka sa ranar ƙaddamarwa, Alhamis ta mako uku masu zuwa, a karar Maigatari, inda ake cinikin shanu.

Kafin nan sai manhajar ta shiga shagon da ake sauke manhajoji a waya, wanda yara ke ce wa sito. Sito kuwa ba ya karɓar manhaja sai da hotunan fuskarta, don mai saukewa ya ga abin da zai samu, kuma kowane hoto da awonsa. Ummulkhair za ta iya yin wannan tana shan koko, amma ta kawo wa ubanta aikin. Na san tausayi ne, shi kuwa ya ɗauka neman taimako ne, kuma ban gyara masa ba.

Ta ba shi takarda. Hotunan tsaye guda takwas, faɗi dubu ɗaya da tamanin, tsawo dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin. Hoton kwance guda ɗaya na sama, dubu ɗaya da ashirin da huɗu, da ɗari biyar. Sai ɗan tambari mai kusurwa huɗu daidai. Bayan ta tafi ya leƙo shagona.

Ya ce, "Sha'aibu, ara mini tef ɗinka na awo."

Na ce, "Me za ka auna?"

"Waya."

Ya shimfiɗa tef a fuskar wayar, ya samu inci uku da inci shida, ya dubi takarda ya ga dubu. Ya daɗe yana kallon su biyun. Da Ummulkhair ta dawo ta yi masa bayani cewa ba da inci ake auna wannan ba, da ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka yi hoton ake aunawa, sai ya ce ai ya sani, yana gwada tef ɗina ne ko yana da gaskiya.

Washegari ya shimfiɗa jan karammiski, ya jingina wayar da tulun furen roba, ya kunna fitilu biyu, ya ɗauke ta da kyamara kamar amarya. Hoton ya yi kyau, har da inuwar furen. Sito ya ƙi karɓa tun daga ƙofa, ya ce awo bai yi ba.

Ummulkhair ta ce, "Baba, ba waya ake ɗauka ba, abin da ke cikinta ake ɗauka. Ga shi." Ta danna maɓalli biyu tare, fuskar wayar ta yi ƙyaf, hoto ya fito.

Ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Shekara uku na yi ina wanke bokiti a Kano kafin a bar ni in taɓa kyamara."

Na zaci nan zai yi zuciya, amma bai yi ba. Ya zauna gaban kwamfutarta kwana huɗu, tabarau a kan hanci, yana koyon yanka da aunawa. Kuma in faɗi gaskiya, ko da ba na son yabonsa, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Shi ya fara lura cewa a cikin sito hoton ba ya wuce babban yatsa biyu, don haka rubutu ya zama manya kuma kaɗan. Shi ya ce ba za a sa saniyar Turawa da aka samo a intanet ba, Bafulatani yana gani zai san abin wasa ne. Ya hau babur ya tafi rugar Arɗo Ilu, bayan Sule Tankarkar, ya ɗauko hoton wata farar saniya mai tsaga biyu a kunnen hagu, ya daidaita ta yadda tsagar za ta fito ko a ƙaramin hoto. Ya dawo yana fito da baki, abin da rabona da ji tun kafin waya ta zo.

Tsugune ba ta ƙare ba. Alhaji Ɗalha, shugaban ƙungiya, babban dillalin shanu a Maigatari, ya biyo ta Gumel ya ce a nuna masa inda aka kwana. Aka nuna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya ga saniya, ya ga akuya, ya ga inda ake rubuta lambar waya, ya ga taswirar garuruwa.

Ya ce, "Madalla. To ina mu?"

Ɗantala ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan hoton manhajar ne."

"Manhajar wa? Ɗantala, kai da ka san tsari. Ka taɓa ganin an buga abu a ƙasar nan an fara da dabba? Ko takardar maulidi da hoton iyayen taro take farawa. Duniya ce fa za ta gani, har Damagaram. Su buɗe su ga saniya, su ce ƙungiyar ba ta da manya."

Nan aikin ya koma shigar da mutum goma sha biyu masu manyan riguna cikin hoto siriri mai tsawo. Ni tela ne, na san yadin wando ba ya fitar da malum-malum, amma ba wanda ya tambaye ni. Ɗantala ya ɗauko hoton kalandar bara. Da ya yanke shi daidai awo, sai Alhaji Ɗalha kaɗai ya rage da rabin mutum a dama da rabin mutum a hagu. Da ya ƙanƙance shi don kowa ya shiga, sai suka koma kamar ƙwayar riɗi, ba a gane mai rawani da mai hula. Da ya ja shi sama don ya cika tsawon, sai suka miƙe zalau-zalau, wuya har wuya. Alhaji ya ɗan so wannan, don ya rage masa tumbi, amma sauran suka ƙi.

Aka koma ga hoton kwance na sama. Can sun shiga, sai dai Ummulkhair ta ce sunan manhaja a tsakiya yake zama, daidai kan cikin Alhaji, kuma wasu wayoyin kan gutsure gefe da gefe. A gefe ɗaya mutumin Gagarawa ne, a ɗayan na Sule Tankarkar. Labari ya isa garuruwan biyu kafin la'asar, cewa mutanen Gumel da Maigatari sun haɗa baki za a gutsure su.

Aka kira taro a Gagarawa, a ƙarƙashin darbejiya, ni ma na bi don kallo. Shawarar farko ita ce a jera su daga sama zuwa ƙasa. Nan Ɗantala ya gane abin da ya tsare shi shekara talatin. A hoton kwance akwai dama da hagu, kuma dama da hagu ba sa faɗa. A hoton tsaye kuwa dole wani ya hau kan wani. Malam Abdulganiyu, sakataren ƙungiya, ɗan Gagarawa, ya ce shi bai ƙi ƙasa ba don kansa, amma ba zai koma gida ya ce wa jama'arsa takalmin Maigatari na kan hularsu ba. Wani ya ce a bi shekaru, sai aka tarar mutum huɗu duk a shekarar yunwa ɗaya aka haife su. Aka juya ga Arɗo Ilu, wanda shi ma uban ƙungiya ne, aka tambaye shi ra'ayinsa.

Ya ce, "Ni in saniyata ta ɓace, ba fuskar Alhaji zan nema ba, na santa."

Aka yi dariya, aka ce Arɗo akwai barkwanci, aka ci gaba. Bayan sallar azahar aka cimma matsaya wadda kowa ya yaba da hikimarta. Tunda hotuna takwas ne, shugabannin garuruwa huɗu kowa ya ɗauki ɗaya shi kaɗai, sauran takwas su raba huɗu, biyu-biyu, kafaɗa da kafaɗa. Saniya kuma a yi mata haƙuri. Ɗantala ya yi aikin, awo ya fita daidai, ko ɗigo ɗaya bai kauce ba. Ummulkhair ta tura wa sito, ba da son ranta ba.

Ranar Litinin amsa ta zo. Sito ya ce awo ya yi, amma hotunan ba sa nuna manhajar, a sake. Ga Alhamis ta ƙarato, ga shi dubawarsu kan ɗauki kwanaki. In ba a tura na gaskiya a ranar ba, za a taru a Maigatari a ƙaddamar da abin da babu shi.

Ɗantala ya kira Alhaji Ɗalha a waya, ya sa ta a lasifika, ina jin su ta bango.

Alhaji ya ce, "Ba su san ko su wane ne mu ba. Sakatare zai rubuta musu wasiƙa da hatimin ƙungiya."

"Ranka ya daɗe, ba mutum ɗaya ba ne da za a kai wa wasiƙa. Ƙa'ida ce."

"Kowace ƙa'ida tana da mai ita. Kai dai kada ka taɓa hotunan nan. Mun daɗe tare, Ɗantala. Akwai wani ɗan 'yar'uwar Malam Abdulganiyu a Dutse da ke ta roƙon a ba shi kalandar bana, kullum ina ce musu tsohuwar zuma ake magani da ita."

Hannunka mai sanda ya wuce haka? Na shiga shagon na same shi zaune, wayar a cinya. Ummulkhair na tsaye bakin ƙofa. Wata takwas ta yi tana gina abin nan, kuma ko kaɗan ba ta ɗora masa laifi ba, wannan ya fi ba ni tausayi.

Can ta ce, "Baba, bari ni in mayar da na farkon, masu saniya. In sun tambaya ka ce ba ka sani ba, yarinya ce ta yi."

Ya ce, "Mamana, ni aka ba aikin hoto ko ke?"

"Kai ne, Baba."

"To miƙo kwamfutar. Sha'aibu, koma ɗinkinka, ka tsaya mini a ka kamar mai bin gawa."

Na koma, amma ban taka keke ba. Ta bango ina jin ƙas, ƙas, yana cire su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya shekara ashirin yana gyara wa zaman hula. Kafin la'asar ya gama, aka tura. Ranar Laraba da hantsi sito ya karɓa. Ummulkhair ta shigo shagona tana dariya da hawaye, ta ce, "Baffa, ta shiga." Ubanta kuwa ya aiko da farar rigarsa in gyara mata aljihu, kamar wanda aka kira kotu.

Ranar Alhamis muka tafi Maigatari. An kafa rumfa a gefen kara, ga kukan shanu, ga ƙarar lasifika, ga manyan motoci ana lodi. Iyayen ƙungiya suka zauna a jere, babba a tsakiya. Aka yi jawabi bakwai, biyar daga cikinsu ba su ambaci manhajar ba. Ɗantala na tsaye a gefe, kyamara a wuya, yana jiran a buɗe sito a ga saniya a kira sunansa.

Da aka ce jama'a su sauke, sai suka yi abin da suka saba yi. Wa zai ƙona datarsa a kara, inda sai ka ɗaga waya sama kafin kira ya shiga? Suka yi layi a rumfar masu cajin waya. Masu caji sun sauke sau ɗaya tun da safe, suna tura wa mutane daga waya zuwa waya, yadda ake tura wa'azi da fim. Wanda ya samu ya tura wa na kusa da shi. Wayar Alhaji Ɗalha ma direbansa ya karɓa ya kai aka tura masa. Kafin a tashi manhajar ta shiga ɗaruruwan wayoyi, kuma in ban da masu cajin, ba wanda ya bi ta ƙofar da Ɗantala ya ƙawata.

Ya jira mako guda. Kowace mota ta tsaya a ƙofar shago sai ya gyara zama. Ba kira, ba saƙo, ba ko harara. A kwana na biyar aka tsinci tumakin wani mutumin Gagarawa a wani ƙauye kusa da iyaka ta hanyar manhajar, gari ya ɗauka. Ɗantala ya yi murna, amma ya rame. Laifin da ka yi da gangan, aka ƙi ko lura da shi, ya fi zagi ciwo.

Alhamis ta gaba ya ce in raka shi. Muka sami Alhaji Ɗalha a rumfarsa a kara, ana yi masa fifita. Aka gaisa, Ɗantala ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne in faɗa da bakina kafin ka ji a wani wuri. Hotunan nan na sito, na cire ku. Dukanku. Saniya na mayar."

Alhaji ya ce, "Waɗanne hotuna?"

"Na taron Gagarawa."

"Af, wannan. Ai na ɗauka sun amsa wasiƙarmu. To wa yake zuwa can? Bar wannan, Ɗantala, abin ya wuce. 'Yarka ta fitar da mu kunya, Allah ya yi mata albarka. Har daga Damagaram an kira ni." Ya karɓi ruwa ya sha. "Dama ina son ganinka. Mun zauna jiya, mun ce tunda yanzu muna cikin wayar kowa, bana ba sai an buga kalanda ba. Zamani ya wuce takarda. Mun roƙi Ummulkhair ta sa hotonmu a ciki, in an buɗe a fara ganinmu. Kowa zai aiko da nasa daga wayarsa, ba sai mun wahalar da kai ba."

Ɗantala ya ce, "Allah ya ƙara girma." Ya sa takalminsa.

A motar Gumel mu huɗu ne a kujerar mutum uku, kyamarar tana tokare mini haƙarƙari. Na nemi abin tsokana na rasa, karo na farko tun muna yara. Da muka wuce rabin hanya ya juyo gare ni.

Ya ce, "Kada ka gaya wa Mamana maganar kalanda. Za ta ɗauka ita ta jawo."

Na ce, "Ba zan faɗa ba."

Ya ce, "Kai ka shiga sito ka ga hotunan? Na ƙarshen?"

Na ce, "Na gani mana. Sun yi kyau."

Ƙarya na yi masa, ni ma turo mini aka yi a rumfar caji. Da muka sauka a tasha na ce masa zan biya sayen zare. Na sayi data, na tsaya a inuwar wata mota na shiga sito na nemo manhajar. An rubuta cewa mutum goma da 'yan kai ne suka sauke ta daga can. Hoton farko farar saniyar Arɗo ce, ta juyo tana kallon mai kallonta, tsaga biyu na kunnenta sun fito sarai, ƙahonta ya tsaya daf da bakin hoton bai taɓa ba. Na bi sauran bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, na sake komowa farko. Ban taɓa ganin ya yi aikin da ya kai wannan ba.

Da na iso shago na tarar ya buɗe nasa, yana kaɗe ƙura daga kujerun da ba wanda zai zauna a kansu bana.